Yajin Inna Falmata

Assalamu alaikum, jikana mai gabatar da shiri. Kakarka ce Hajiya Kande daga Madina. Ka karanta a hankali, kar ka haɗiye min magana yadda ka saba.

Bana aka shafa wa layinmu na Harra ta Gabas jan fenti, za a rushe a yi sabon gini. Kowa ya samu wurin komawa a unguwar Bani Harisa, ban da maƙwabciyata Inna Falmata, mutuniyar Chadi, ba ɗa ba jika. Muka ce mu haɗa mata kuɗin ɗaki kusa da mu. Ta ce muddin hannunta na ɗaga taɓarya ba ta karɓar sadaka.

To, yajin sayarwa take dakawa. Sai na bi gida-gida na ce kowa ya saya, kar a ce ni na aiko. Teloli suka saya, ɗaliban jami'a suka saya, har jikokina da ba su san komai ba sai shawarma. Ni ma na yi ta saye, wanda ya rasa yadda zai yi da nasa ya kawo min. Yanzu ko kyanwa ta shigo gidana sai ta yi atishawa.

Ɗaki ya samu, ƙofarta na kallon tawa. Ranar tarewa ta riƙe hannuna ta ce, "Kande, munafuka, ba ke likita ya hana wa yaji ba?" Muka yi dariya har da hawaye.

Masu sauraro, yaya zan yi da yaji cike da kwali? Ina gaishe ki, Falmata. Gobe ki ƙulla min na riyal biyar.