Ɗigon Ruwa a Idon Waya

A tashar jirgin ƙasa, wata mata ta tsaya tana kallon wani dattijo durƙushe da tsohuwar waya gaban wani ɗan fure a gefen layin dogo.

"Baba, ruwa kake ɗiga wa wayar? Ai za ta lalace."

"Ɗigo ɗaya ne a idon kyamarar, 'yata. Shi ke sa ƙaramin abu ya fito ƙato."

"Ga jirgi can tafe. Kowa hotonsa yake ɗauka, kai kana fama da ciyawa."

"Jirgi ai gobe ma zai zo. Matata ce ba ta iya fitowa yanzu, kullum sai ta tambaye ni ko furen nan ya buɗe."

"Ya buɗe?"

"Yau dai."

Matar ta ajiye jakarta, ta baza mayafinta ta tare masa iskar jirgin.

"Ɗauki, Baba. Kada hannunka ya yi rawa."