Ƙwayoyin da Inna Ta Ɓoye a Kwalla

SARATU: Alo? Salamu alaikum.

INNA: Wa alaikumus salam. Saratu, ke ce kika ɗauka?

SARATU: Ni ce, Inna. Ina wuni?

INNA: Lafiya lau. Ya Damagaram? Ya zafi?

SARATU: Zafi lokacinsa ne. Ya Yamai? Ya ƙafar taki?

INNA: Ƙafa da sauƙi. Ya Idrisa? Ya yara?

SARATU: Duk lafiya. Ya fita kasuwa, da ya gaishe ki.

INNA: A gaishe shi. Akuyar nan taku ta haihu?

SARATU: Inna, ai shekaranjiya kika tambaye ni, na ce miki biyu ta haifa.

INNA: To, laifi ne in uwa ta sake tambaya?

SARATU: Ba laifi. Ya Nafissa? Kwana uku ina kiranta, sai ta ce mini tana karatu.

INNA: Tana nan.

SARATU: Alo? Ban ji ba.

INNA: Na ce tana nan! Tana ɗaki. Saratu, kina tsaye ne ko kina zaune?

SARATU: Innalillahi. Me ya sami ƴata?

INNA: Ki kwantar da hankalinki, ba ta faɗi ba, ba ta karye ba. Ni ce na yi abin kunya, na ce gara ki ji daga bakina.

SARATU: Ke kuma, Inna?

INNA: Madina ce ta fara gaya mini. Makitsiyar nan ta bayan masallacinmu na Bobiel, mai haƙorin Makka.

SARATU: Na san ta. Me ta ce?

INNA: Ran Laraba ta yi wa Nafissa tsifa. Da la'asar sai ga ta da leda a hannu, ta ce, "Hajiya, buɗe ki gani." Na buɗe. Gashi ne, Saratu. Cike da tafin hannu biyu.

SARATU: Gashin wa?

INNA: Na ƴarki mana! Gashin nan da ake tsayawa a kalla ranar biki. Madina ta ce gaban kan duk ya yi fili, ta rasa inda za ta kama ta yi kitso.

SARATU: Subhanallahi! To ba ta shan maganinta ne?

INNA: Wane magani?

SARATU: Wanda likita ya… Alo?

INNA: Ina jin ki sarai, rezon waya bai yi komai ba. Ashe kin sani.

SARATU: Inna, ki bari in…

INNA: A'a, bari in gama nawa tukuna, naki ya biyo baya. Wata uku ke nan, ina gyara mata shimfiɗa, na ga abu ƙarƙashin katifa, an naɗe cikin tsohon hijabi. Ƙwayoyi ne jajaye ƴan ƙanana, jere cikin takardar nan mai ƙyalli. An ɓalle guda tara. Na sa mata ido, na ga kullum ɗaya take sha, kuma sai ta juya mini baya.

SARATU: Wayyo, Inna. Ba dai…

INNA: Shi dai. Yarinya budurwa, tana zuwa fak, jami'ar nan, cikin maza, ƙwaya ɗaya kullum, a ɓoye. Me kike so tsohuwa ta zata? Rubutun jikinta Faransanci ne, ni kuwa karatuna bai wuce allo da aji biyu ba. Na ce ta hana ɗaukar ciki ce.

SARATU: Nafissa? Nafissar da ko ƙofar gida ba ta tsayawa?

INNA: Ki faɗa, na cancanta. Na kwashe su na jefa cikin kwallata ta ƙasa, wadda nake ajiye turare. Bayan sati biyu ta samo wasu, ta ɓoye cikin takalmi. Na gano, na kwashe su ma.

SARATU: Kuma ba ki tambaye ta ba?

INNA: Da wane baki? Na ce in na tambaya ta ce e, zuciyata za ta tsaya. In na gaya miki, Idrisa ya ji, ya cire ta daga karatu. Na ce bari in rufa asiri, in yi maganin abin ni kaɗai. Ina ganin kaina mai dabara.

SARATU: Ita kuma ba ta ce komai ba?

INNA: Ko uffan. Sai dai na ga yarinya tana ta lalacewa. Ta dawo fak ta zube kan tabarma da jakarta a kafaɗa. Ta ɗauko bokiti ɗaya daga famfo, sai haki kamar ta yi gudu daga kasuwar Wadata. Ga cin ƙanƙara, ƙurus ƙurus, duk ta ƙarar mini da ta firiji. Ni kuma me nake cewa? "Malalaciya. Ƴan zamani ba ku da ƙashi. Ni a shekarunki da goyo nake daka."

SARATU: Inna…

INNA: Ban gama ba. Don in kore mata kasala sai na riƙa dafa mata shayi mai kauri, tana ajiye cokalin abinci ina miƙa mata kofi. Safe, rana, yamma.

SARATU: To shi kuma me ya yi?

INNA: Za ki ji. Da Madina ta nuna mini gashin, sai ta ce, "Hajiya, ƙanwata ma haka ta yi, likita ya ce ƙarfen jininta ne ya ƙare. Wasu ƴan jajayen ƙwayoyi aka ba ta." Saratu, da ta ce jajaye, sai na tuna da na cikin kwallata.

SARATU: Allah sarki.

INNA: Ran Alhamis na ƙulle su a bakin zane na hau taksi. Ban je farmasin unguwa ba, kar a ce jikar Hajiya kaza. Har Maourey na tafi, inda ba wanda ya san fuskata. Na tarar da wata mata mai tabarau, na jira mutane suka watse, na kwance na tura mata, na ce, "Ƴata, na wata maƙwabciya ne."

SARATU: Har da ƙarya, Inna?

INNA: Har da ƙarya, da carbi a hannu. Ta duba ta ce, "Hajiya, wannan fer ne." Na ce me? Ta ce maganin ƙarin ƙarfe a jini. Na ce ba ya hana haihuwa? Ta ce a'a, masu ciki ma shi ake ba su. Sau uku ina tambaya, sau uku tana ba ni amsa ɗaya.

SARATU: Ai haka likitan ya ce. Da aka yi mata analiz, gwajin jinin nan…

INNA: Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce jiki yana da rumbu inda yake ajiye ƙarfen. Mace in tana zubar da jini da yawa duk wata, sai a yi ta ɗiba ba a zubawa. Tukunya tana kan wuta, ana ganin kamar lafiya, alhali rumbu ya zama wayam. Daga nan gajiya, jiri, zubar gashi, har kwaɗayin ƙanƙara. Na ce to shayi fa, ba ya ƙara ƙarfi? Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce shayi a kan abinci shi ke tare ɗan ƙarfen da ke ciki ya hana jiki ɗauka.

SARATU: Kai!

INNA: Kin gani? Na sace maganin, na kuma tsaya a ƙofa na hana na abinci shiga. Ko maƙiyi iyakar abin da zai yi ke nan. Na fashe da kuka a gaban kanta. Matar ta ce, "Hajiya, maƙwabciyar nan kina son ta da yawa."

SARATU: Inna, laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Ni na ce ta ɓoye.

INNA: Yauwa. Yanzu naki.

SARATU: Da likita ya rubuta mata ordonans, takardar magani, ta kira ni. Na ce, "Kar ki nuna wa Inna, kin san ta, za ta ce maganin Nasara ne ta hau dafa miki saiwoyi." Kuma yarinyar tana jin nauyin ta yi miki zancen al'ada. Na zaci sauƙi na nema mata.

INNA: Da na dafa saiwoyin, ba na musu. Amma da ban zarge ta ba.

SARATU: To ni me ya sa ba ta gaya mini an ɗauke ba?

INNA: Na tambaye ta. Da na dawo na zube ƙwayoyin gabanta na ce, "Ga kayanki, ni ce ɓarauniyar." Ta ce, "Na sani, Kaka. Duk sun yi ƙanshin turarenki, ɗakin ma da kika shiga." Ta ce tun da na kwashe na biyu ta gane abin da nake zato. In ta gaya miki, za ki yi faɗa da ni, ita kuma ba ta zo Yamai don ta raba uwa da ƴa ba. Sai ta haƙura da maganin.

SARATU: Wata uku…

INNA: Da ta yi mini rashin kunya da na ji sanyi. Cewa kawai ta yi, "Kaka, ke kika yi mini wankan jariri. A ce ke ce za ki ɗauke ni haka?" Sai ta tashi ta jawo akwati ta hau ninke kaya. Wai za ta koma wurin ƙawarta a gidan ɗalibai, ta yi jarrabawa daga can.

SARATU: A'a! Wa zai kula da cinta a can? Ba ni ita, Inna, ba ni ita in yi mata magana.

INNA: Ba zan ba ki ba. Ba ke kika ɓata ba, ba ke za ki gyara ba. Kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun a farmasin. Matar ta ce wasu ba ƙanƙara suke ci ba, ƙasa suke ci.

SARATU: Ƙasa…

INNA: Alo? Kina ji na?

SARATU: Ina ji.

INNA: Bangon ɗakin girkinmu na Damagaram. Kina ƴar shekara goma sha biyar. Duk kin ƙwaƙule shi.

SARATU: Kin dake ni da muciya.

INNA: Na dake ki. Na sa miki suna Sarkin Barci, har ƙannenki suka ɗauka.

SARATU: Har yau Zubairu haka yake kirana. Inna, ya wuce, lokacin wa ya sani? Ki gaya mini zancen Nafissa, ta tafi?

INNA: Wannan matar ta waya ta fara yi mini Faransanci a kunne, kiredi zai ƙare. Bari in yi sauri. Jiya Juma'a, ina sallame asuba na ɗauki sandata. Ban aiki kowa ba. Na je wurin mahauta ana sauke nama, na ce a yanko mini hanta mai jini a jika. Na sayi lemo. Na dawo na gasa da hannuna, na matse lemon, na ɗora ƙwaya ɗaya a kan faranti, na ɗauki butar shayi na kulle a kwallar da na ɓoye maganin.

SARATU: Shayinki, Inna? Ke da ba ki iya wuni babu shi?

INNA: Kaina kamar zai tsage, amma sai ta warke mu sha tare, can tsakanin abinci yadda aka ce. Na shiga ɗakin, akwati a bakin ƙofa, an zuge. Na durƙusa.

SARATU: Da ƙafar nan taki?

INNA: Da ita. Na ce, "Nafissa, na yi miki zato mummuna, na kira ki malalaciya kina ciwo. Ba na ce ki zauna ba. Ki sha wannan, ki yafe mini, in ya so ni zan kira miki taksi." Ta ce, "Kaka, tashi, kar wani ya shigo ya gani." Na ce ba na iya tashi ko na so, sai an ɗaga ni.

SARATU: Kai, Inna!

INNA: Ta yi dariya tana hawaye. Ta zo ɗaga ni, ita ba ƙarfi, ni ba ƙafa, muka zube tare. Nan ƙasa ta haɗiye ƙwayar. Na ce ran Litinin ni zan raka ta wurin likitan, a sake analiz, a duba zancen jinin nan, ni zan riƙe mata jaka. An ce sai an yi watanni ana sha, gashi kuma shi ne ƙarshen dawowa. Har an gaya mini bayan gida zai yi baƙi, kar in sake ƙirƙiro wani zaton.

SARATU: To akwatin fa? Za ta zauna?

INNA: Ban tambaya ba, ba ni da wannan bakin. Yana nan bakin ƙofa. Amma da ta cinye hantar ta buɗe shi, ta ciro mataji ta miƙo mini, ta zauna tsakanin ƙafafuna ta ce, "A hankali, Kaka, saura kaɗan ne." Yau da safe kuma na ga sallayarta ta koma inda take.

SARATU: Alhamdulillahi.

INNA: Saura ke. Shekara talatin ban faɗa ba, kuma ba na iya durƙuso ta waya. Saratu, muciyar nan, da sunan nan, ki…

SARATU: Alo? Inna? Alo?… Na ji ki, Inna. Alo?