Babu Mai Amsa Mini Daga Ƙasan Tsani

Salamu alaikum malam mai gabatarwa, barka da aiki. Bukar ne mai gyaran wuta, daga Gure.

Na daɗe a ƙauye ina jinyar babana, har Allah ya karɓe shi. Makon jiya na koma sana'a. Da can ba na taɓa wayar wuta sai abokin aikina Mamman ya kashe kuran, wato wutar lantarki, ya ce, "Taɓa, Bukar!" Ina hawa tsani a wani gida da aka kira ni aiki, sai na ƙwala kira, "Mamman, ka kashe?" Shiru. Matar gidan ta ce, "Malam, ai kai kaɗai ka zo." Na sauko na kashe da kaina.

An ce Mamman ya koma Agadas. Don Allah duk wanda ya gan shi, ya gaya masa na dawo, kuma har yanzu shi nake kira.