Fitilar Bikin Husaina

A tashar Agiye, motar Gazawa ta ƙi cika. Wata tsohuwa ta leƙa wayar mutumin da ke gefenta a benci.

"Ɗana, wayarka ta lalace ne? Gidan Turawan nan fari fat, ba ɗumi, kamar asibiti."

"Lafiyarta lau, Inna. Fim ne kan wariyar launin fata. Da gangan aka haska gidan haka, don ki ji ba a maraba da baƙar matar nan. Bari ta koma gidanta ki gani."

"Kai! Ga shi ja-ja kamar hasken murhu. Dubi goshinta yana sheƙi! Ashe kyakkyawa ce."

"Ita ce dai, fitila aka canza. Sana'ata ce, bidiyon biki nake ɗauka."

"Af, ashe ku ne! Bikin jikata Fadila kun mai da ita fara sol, har na tambaya ina amaryar."

"Su ke roƙo, Inna. In na ƙi ƙara haske, su tafi wurin wani."

"To ga ƙanwarta Husaina ta sayo man bilicin, wai kada ta fito baƙa a nata bidiyon. Saura wata biyu bikin."

"Wallahi ina da irin fitilar nan mai haske ja-ja. Tun da na saye ta, ba amaryar da ta yarda na kunna."

"Ina za ka sauka?"

"Gazawa."

"A'a, garinmu Gangara za mu wuce, ka nuna mata matar nan da kanka. Man kuwa kada ka damu, yana can ƙasan rumbu, na danne shi da damin gero."