Duwatsun Yayana a Murhu

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu. Ni ce Habiba daga unguwar Briqueterie.

Yayana Sani yana shekarar farko a jami'a, yana karatun duwatsu. Ya ce da farko ajin cike yake, yanzu yawanci sun gudu sun koma karatun lauya, shi ya tsaya.

Na tsinci duwatsu uku a ƙarƙashin gadonsa, na kafa murhu da su. Ashe na jarrabawa ne. Wuta ta cinye lambobin jikinsu, Yaya ya faɗi jarrabawar. Baba ya yi dariya ya ce, "Yau dai dutsenka ya yi amfani. Gobe ka bi ni shago a kasuwar Mokolo."

Ni da aka cire daga makaranta, wa ya gaya mini dutse ma karatu ne? Yanzu Yaya ba ya cin abin da na dafa. Jama'a, yaya zan roƙe shi gafara?