Shaidar da Aka Hana Almustafa Marino

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa.

Malam Jibirilla, limaminmu, Allah ya ƙara lafiya. Alhaji Maiwada, shugaban ƙungiyarmu ta Hausawan Riyad, barka da zama. Dattawanmu na Maraɗi da Damagaram, da 'yan uwana mutanen Najeriya, direbobi da magina da masu shago, ina gaishe ku gaba ɗaya. Iyayenmu mata da kuke ɗaya ɗakin kuna jina ta lasifika, sannunku da zuwa. Hajiya Zouera, maiɗakin marigayi, da ke Muhibba 'yarsa, ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Inuwa, direban tankar ruwa, mutumin Jibiya. Iyalin mamaci ne suka ce ni zan yi magana, ba ƙungiya ba. Ƙungiya ta aiko mini cewa in taƙaita, in yabi marigayi, a yi addu'a, a ci shinkafa a watse. Yabon zan yi, in sha Allahu. Taƙaitawar ce ban yi alkawari ba, domin akwai abin da ya tokare mini ƙirji tun ranar da na dawo ƙasar nan, kuma yau sai ya fita.

Bari in fara da sunan, tunda shi ya jawo komai. Marino. Da yawanku kun yi shekaru kuna kiran mutumin nan da shi, ba ku taɓa tambayarsa daga ina ya samo shi ba. Ni na tambaya, ya kuma gaya mini. Mahaifinsa Bature ne daga wani tsibiri a kudancin Italiya, Sisiliya. Makanike ne, ya zo Maraɗi gyaran manyan motoci zamanin da gyaɗa ke tashe. A can ya musulunta, aka raɗa masa Abdullahi, mutanen gari suka mai da shi Audu Bature. Ya auri wata 'yar gari, Delou, da waliyyi da sadaki da shaidu, aka raba goro kamar auren kowa. Ya rasu Almustafa yana rarrafe, aka yi masa salla aka binne shi cikin Musulmi. Bai bar wa ɗansa gida ko gona ba, sai farar fata da dogon hanci da wannan suna.

Almustafa ya ce mini wai a harshen mutanen ubansa ma'anar sunan ita ce mutumin teku, kuma daga tsohon harshen Rumawa ya gangaro. In ya faɗa sai ya kwashe da dariya, ya ce, "Inuwa, dubi ikon Allah! Wai mutumin teku, alhali ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Maraɗi ba sai da na sauka Jidda." Ni kuma in ce masa, "Kai dai ka ji kunya, Baturen da ba ya iya wuni bai sha fura ba." Wata rana Muhibba ta duba mana a wayarta, muna zaune a ɗakinsu na unguwar Jaradiya. Ta ce sunan yana cikin waɗanda suka fi yawa a Italiya, musamman kudu, akwai shi a Sifen, kuma masu ƙaura sun tsallaka da shi har Ajantina da Amurka. Sai ya buga cinya ya ce, "Ashe ni mai dangi ne ban sani ba! To duk su zo, Hajiya ta ɗora tukunya."

Ɗaya daga cikinsu kuwa ya zo. Lokacin da ake aikin jirgin ƙasa na cikin gari, Almustafa yana gyaran injuna a wurin. Wani injiniya ɗan Sifen ya hango sunan a jikin hular kwanonsa, ya tsaya cak, ya nuna nasa ƙirjin. Suna iri ɗaya. Mutumin nan ya rungume shi a gaban lebura, ya ce daga yau ɗan baffansa ne. Ba su jin yaren juna sai Larabcin wurin aiki, amma kullum da rana sai ya kawo masa gahawa. Da azumi ya kama, ya daina sha a gabansa. Bature ke nan, wanda ba addininmu ɗaya ba, ya karɓi Almustafa saboda suna kawai.

Mu kuwa, me Almustafa ya kasance a wurinmu?

Ya kasance mai wankan gawarmu. Duk Bahaushen da ya faɗi a garin nan, lambarsa ake fara kira. A bayan tsohuwar motarsa ba a rasa yadin likkafani da kafur da ganyen magarya, har muna tsokanarsa cewa ba mai shiga motar nan ya yi barci.

Ya kasance masanin hanya. Daga asibiti zuwa wurin 'yan sanda, daga can zuwa ofishin jakadanci, zuwa wurin wanka, zuwa maƙabarta, ya san ƙofar da ake fara bugawa da wadda ake ƙarewa da ita. Kullum cewa yake, "Kada rana ta faɗi ɗan uwanmu yana cikin firji." Ya sha barin aikinsa a kan wannan, aka yanke masa albashi, bai taɓa faɗa wa kowa ba sai da Hajiya ta yi ƙorafi.

Ya kasance mai tsayawa shaida. Kun san yadda abin yake a nan. In mutum ya mutu takardunsa ba su cika ba, sai an samu masu iƙama mai rai, wato katin zama, su miƙa katinsu su sa hannu cewa sun san shi. Wurin nan ne ƙafafu ke sanyi. Almustafa bai taɓa ja da baya ba. Alhaji Maiwada, ka tuna ƙaninka Dawuda, Allah ya jiƙansa, da ya faɗo daga saman gini katinsa ya daɗe da mutuwa? Kowa ya ɓuya ranar. Almustafa ne ya shiga ya ajiye katinsa a kan tebur ya ce, "Na san shi. Musulmi ne, ɗan uwana ne." Aka riƙe shi ana tambayoyi har la'asar. Da ya fito, a kafaɗarsa ka yi kuka, ina tsaye ina kallo.

To yanzu ga abin da ya faru, don waɗanda suka ji rabi.

Ina gida hutu a Jibiya lokacin. Almustafa ya je kasuwar Dira sayen kafur, ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagon wani Bayamane, mutumin Yaman, mai turare. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Iƙamarsa kuwa tana rataye, domin kafilinsa, mutumin da yake zaune a ƙarƙashin sunansa, ya rasu, magada ba su gama mai da shi hannun wani ba. Ma'aikacin ɗakin gawa ya duba fasfo ya ga Marino, ya yaye mayafi ya ga farin mutum. Sai ya ce a kawo mutum biyu su shaida Musulmi ne kafin ya sake shi a yi masa wanka. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi.

Mutanenmu suna tsaye a wurin. Wasu katinsu ya mutu, waɗannan ban riƙe su a zuciya ba, na san tsoron da ke cikinsu. Amma akwai masu kati lafiyayye a aljihu, shugaba da mataimakinsa Saidou. Ma'aikacin ya dubi shugaba ya ce, "Musulmi ne?"

Alhaji Maiwada ya ce, "Mu dai muna ganinsa a masallaci. Amma asalinsa, Allah ne masani."

Sai mutumin ya mai da mayafi, ya tura shi cikin firji, ya ce to a jira takarda daga ƙasarsu.

Haba Alhaji! Haba! Na sani, mu Hausawa kalmar nan a bakinmu take. A tambaye mu ko za a yi ruwa, Allah ne masani. A tambaye mu yaushe za a biya albashi, Allah ne masani. A majalisa ladabi ne, ba mai musu. Amma a gaban gawa, an tambaye ka abin da ka sani sarai, ka ce haka? Ai kokwanto ka miƙa wa mutumin. Kuma ba baƙo ba ne kai, gemunka a garin nan ya yi fari, ka san yadda za a ɗauke ta. Sa hannu ne ba ka so, sai ka laɓe bayan sunan Allah. Kai kuma Saidou ka sunkuyar da kai kana danna waya.

Da ma a nan abin ya tsaya. Ina! Kafin gari ya waye magana ta zaga ɗakuna. "Dama ni sunan nan bai taɓa kwanta mini ba." "Ai an ce uwar ba a ɗaura mata aure ba." "Wa ya ga musuluntar uban?" Bakunan da suka ci tuwon Hajiya Zouera ne suka faɗi wannan. Mutanen da ya wanke wa iyaye da ƙanne da hannunsa. Wallahi da na ji, sai da na zauna a ƙasa. An ci amanar mutumin nan, an ci tawa, domin ni na sha bugun ƙirji a gida ina cewa Hausawan Riyad ba sa yar da nasu.

Muhibba ce ta kira ni. Kun san ta, a nan aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta. Amma ranar da Hausa ta yi mini magana, tana haɗa kalmomin da ƙyar. Ta ce, "Baffa Inuwa, wai za a kai Baba inda ake binne waɗanda ba Musulmi ba. Baffa, ba wanda ya san shi ne?"

Na shiga neman jirgi, ban samu da wuri ba. Yarinyar nan ita ta ɗauki jakarta ta bi ƙofa ƙofa. Bayamanen nan mai turare ya rufe shagonsa ya bi ta, ya ce shekaru yana sayar wa mutumin nan kafur, ya san me yake yi da shi. Ladanin masallacin layinsu, mutumin Sudan, ya ce in bai shaidi wanda ke riga shi zuwa sallar asuba ba, wa zai shaida? Su biyun suka ajiye katinsu. Mutumin da ba ya bari rana ta faɗi a kan gawar wani, ya haura mako biyu a firji. Baƙi suka wanke shi, kuma waɗanda suka yi masa salla ba su cika sahu ɗaya ba.

Yau kuma na shigo na ga ƙyallen da aka rataya a bayana. Ku karanta. Alhaji Almustafa Maraɗi. Ina Marinon? Wa ya yanke shi? Mutumin bai taɓa ɓoye sunan ubansa ba, a fasfo, a hula, a bakin kowa. Shi bai ji kunyarsa ba yana raye, sai mu ne za mu ji masa bayan ya mutu? Nafiou, kai ne kusa, don Allah sauke shi ka naɗe.

Hajiya Zouera, ki yi haƙuri. Kin auri mutumin da wayarsa ba ta barin ki ci abinci da shi cikin natsuwa, ba ki taɓa hana shi fita ba. Abin da muka saka miki da shi ke nan. Muhibba, ɗiyata, ki riƙe sunanki da kyau. Kakanki ya baro ƙasarsa ya mutu da kalmar shahada, ubanki ya ƙare rayuwarsa yana suturta Musulmi. Duk wanda ya sake ce miki wani abu, ki turo mini shi.

Jama'a, kun san al'adarmu. A ƙarshen taro irin wannan liman yakan ce, "Yaya kuka shaidi mamaci?" mu kuma mu amsa da murya ɗaya cewa mutumin kirki ne. Malam Jibirilla ya shirya yin haka, na kuma ga wasunku har sun gyara zama. To Hajiya ta ba ni saƙo, zan faɗe shi yadda ta faɗa. Ta ce, "Inuwa, kada a tambaye su. Ranar da yake kwance yana bukata an tambaye su. Yanzu ya riga ya shiga kabarinsa da shaidar mutum biyu, ta ishe shi. Tasu su riƙe."

Saboda haka Malam, a yi mana afuwa, yau ba tambaya.

Ina godiya ga wanda ya ba mu wurin nan, da matan da suka wuni a kan tukunya, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Godiya ta musamman ga bayin Allah biyu da ba su jin Hausa, ga su can zaune a bakin ƙofa, Allah ya saka musu da Aljanna.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Almustafa ɗan Abdullahi Marino. Ka wanke shi kamar yadda ya wanke bayinka, ka yalwata kabarinsa, ka haɗa shi da iyayensa cikin rahamarka. Ka tsaya wa iyalinsa. Mu kuma da muka rage a ƙasar mutane, ya Allah, ranar da za a yaye mayafi daga fuskar ɗayanmu a ce wa ya san wannan, ka sa a samu wanda zai ce, ni.

Amin. Malam, a shafa Fatiha.