Ranar da Ɗankwalin Amaryata Ya Zame

Assalamu alaikum Yaya mai gabatarwa. Ni ce Rahinatu daga Maamobi.

Ƙawata Fusena kullum cewa take wasan 'yar tsana tsohon yayi ne, dodannin da ake haɗawa da kwamfuta sun fi. A wasan Sallah na unguwarmu fili ɗaya ya rage, ko bidiyonta ko wasana. Da ƙyar aka bar mini, da sharaɗin in mutane suka watse, na daina ke nan.

Na ɗinka 'yar tsana amarya da ragowar atamfar Mama, na ɓuya bayan labule ina yi mata murya. Ana tsakiyar wasa ɗankwalinta ya zame. Sai wata Hajiya ta taso ta ɗaura mata da kyau, ta ce, "'Yata, amarya ba ta zama kai buɗe gaban surukai."

Aka yi ta dariya, ba wanda ya tafi. Fusena ta ce, "Cale, ƙawata, dodona dai ba mai ɗaura masa ɗankwali."

Yanzu an gayyace ni wasa a unguwar Nima, kuma ina ɗinka wa amaryar ango. Masu sauraro, wane suna ya dace da shi? Ina gaida Fusena da Hajiya.